Tafiyar kallon tsuntsaye a ƙasar waje da jagora naka kai kaɗai: shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ni da maiɗakina muna son tafiyar kwana 10 zuwa ƙasar waje don kallon tsuntsaye. An ba mu farashi biyu, ɗaya na bin ayari, ɗaya na jagora da mota namu mu kaɗai, kuma na biyun ya kusa ninka na farko. Me ya sa ya yi tsada haka, kuma ya cancanci kuɗin?"

Malam, amsar ta rataya ne a kan abu uku: ku nawa ne za ku raba kuɗin, wane irin daji za ku shiga, kuma me kuke son gani. Idan kurmi mai duhu za ku shiga kuma kuna da tsuntsayen da kuka ƙwallafa rai a kansu, jagora naku ya cancanci kowane dala. Idan fili ne ko bakin ruwa inda tsuntsu ke tsaye a sarari, akwai hanyar da ta fi sauƙi, kuma zan faɗe ta.

Mu fara da kuɗin, domin nan ne yawancin mutane ke ruɗewa. Farashin irin wannan tafiya kashi biyu ne. Akwai abin da ba ya canzawa ko mutum ɗaya ne a motar ko shida: ladan jagora, ladan direba, hayar mota, mai, da kwana da abincin su biyun, don kai ne za ka biya musu ɗaki da abinci duk inda aka kwana. Sannan akwai abin da ake lissafawa kan kowane kai: ɗakinka, abincinka, kuɗin shiga gandun daji. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don lissafi kawai, ka cire su ka sa na takardar da aka aiko maka. A ce jagora dala 200 a rana, mota da direba da mai dala 180, kwana da abincinsu dala 70. Ya zama dala 450 a rana, dala 4,500 a kwana 10. A ce kuma ɗaki da abinci da kuɗin shiga na kowane mutum dala 150 a rana, wato dala 1,500. Mutum ɗaya zai biya dala 6,000. Ku biyu, kowa zai biya 3,750. Da ku huɗu ne, kowa 2,625. Ayari na mutum takwas kuwa, kowa ɗan sama da 2,000, kafin kamfani ya ɗora ribarsa. Ka ga inda ninkin ya fito: ba wani ne ya cuce ku ba, ku biyu ne kuke ɗaukar kayan da mutum takwas ke rabawa.

Wannan lissafin ya nuna wani abu kuma. Faɗuwar farashi mafi girma tana tsakanin mutum ɗaya da biyu, sai tsakanin biyu da huɗu. Bayan huɗu ragin ba shi da yawa, ga shi kuma sai an canza mota zuwa babba, an kuma rasa kujerar gefen taga ga kowa. Don haka idan kuna da wasu mutum biyu da jininku ya haɗu, masu iya tashi da asuba kamar ku, tafiyar mutum huɗu ita ce mafi daidai tsakanin kuɗi da amfani. Har ma yakan faru ta fi bin ayarin babban kamfani araha, saboda kamfanonin Amurka da Ingila sukan tura shugaban ayari daga ƙasarsu, su biya masa jirgi da albashi, sannan su ɗauki hayar kamfanin cikin ƙasar da zai yi ainihin aikin. Idan ka yi magana da kamfanin cikin ƙasar kai tsaye, ka tsallake hawa ɗaya na riba. Abin da ka bari a madadin haka shi ne kariyar da babban kamfani ke bayarwa idan abu ya lalace, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, zan dawo kansa.

To me ake saye da wannan kuɗin? Kunne ake saye, kafin komai. A kurmin ƙasashen zafi yawancin tsuntsaye ana jin su ne kafin a gan su, wasu ma ba a ganin su sai an san kukan an bi shi. Kolombiya tana da nau'in tsuntsaye sama da 1,900, ta fi kowace ƙasa a duniya. Peru tana da sama da 1,800, Ekwado sama da 1,600, Yuganda sama da 1,000, Kosta Rika duk ƙanƙantarta sama da 900, alhali duniya gaba ɗaya wajen 11,000 ne. Baƙon da ya sauka jiya ba zai haddace kukan ɗaruruwan tsuntsaye a mako biyu ba, kome ƙwazonsa. Manhajar Merlin tana gane kuka ta waya, tana kuma taimakawa, amma ta fi ƙarfi a Arewacin Amurka da Turai, a kurmin ƙasashen zafi ba ta kai kunnen mutumin da ya yi shekaru a wurin ba.

Ka kwatanta safiya ɗaya a siririyar hanyar ƙafa cikin kurmin tsaunukan Andis. An yi rabin sa'a ba a ji ko motsi ba, sai ɗigar raɓa daga ganye. Can sai jagora ya tsaya cak, ya ɗaga hannu, ya karkata kai. Ya ji kukan tsuntsun da ke jan garke, domin a irin wannan kurmi ƙananan tsuntsaye iri-iri sukan haɗu su yi kiwo tare. Cikin ɗan lokaci rassan da ke sama sun cika da motsi, iri goma ko fiye, kowanne yana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku a reshe kafin ya wuce. Jagora yana kiran suna ƙasa-ƙasa, yana ɗora ɗigon koren haske a jikin reshen da ke ƙarƙashin tsuntsun don ido ya bi. Minti biyar, garken ya wuce, kurmi ya koma shiru. Wanda ke bayan jagora ya ga takwas a cikin goma. Na takwas a layi, wanda ganye ya tare masa, ya ga uku, ya ji sunan sauran. Wannan bambancin shi ne ainihin abin da tafiya ta kanka ke sayarwa. Ayari mai tsari yakan riƙa juya layi don kowa ya samu gaba, amma tsuntsu ba ya jiran layinka ya zo.

Abu na biyu da ake saye shi ne labarin wannan makon. Littafi zai gaya maka tsuntsu kaza yana yankin kaza, amma ba zai gaya maka wace bishiya ce ta nuna jiya ba. Ketsal, koren tsuntsun nan mai jan ƙirji da dogayen gashin wutsiya, yana bin 'ya'yan wata bishiya dangin afokado ta daji a kwarin San Gerardo de Dota na Kosta Rika, kuma jagororin kwarin sun san wacce yake zuwa da sassafe. Gaggafar hafi ta kurmin Dariyen a Panama kusan ba a ganinta sai an san sheƙar da take amfani da ita, kuma tana renon ɗa guda ne a cikin shekara biyu zuwa uku, don haka sheƙar da aka gani bara tana iya zama wayam bana. Mujiyar da ke kwana a reshe ɗaya, manomin da ya gan ta shi ke kiran jagora a waya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma jagora nagari yana da ɗan gari a kowane zango.

Na uku shi ne ikon lokaci. Idan an nemi tsuntsu da safe aka rasa, kai za ka ce a dawo da yamma, ko a ƙara kwana a fasa wani wuri. Mai ɗaukar hoto yana iya zama sa'a biyu a gaban reshe guda yana jiran haske, abin da ayari ba zai lamunta ba. Wanda gwiwa ke damunsa, ko mai tafiya da dattijo, yana iya cewa a bar hawan dutse a yi kallon daga barandar masauki. Kuma idan ɗayanku ya fi ɗayan son abin, kamar yadda yakan kasance tsakanin miji da mata, ana iya tsara rana ta yadda ɗaya zai huta bayan fitar safe, ɗayan ya sake fita.

Yanzu ga inda ban ga dalilin biyan jagora na kwana 10 cur ba. A filayen ciyawa na Gabashin Afirka, ko bakin tafki, ko gaɓar teku, tsuntsaye manya ne kuma a sarari suke: gauraka, zalɓe, jimina, burtu, mikiya a kan busasshen itace. Mai littafi mai kyau da haƙuri zai gane mafi yawansu da kansa, direban da ya saba da masu kallon tsuntsaye ya isa. Akwai kuma ƙasashen da aka riga aka shirya komai. A Gambiya, mai nau'i sama da 500, jagorori suna zama a gadar Kotu kusa da otal-otal na bakin teku, kana iya ɗaukar ɗaya na safiya guda ko na yini, ka gwada shi kafin ka yi maganar tafiya cikin ƙasa. A Kosta Rika masaukai da yawa suna da jagoransu da ake biya kan kowace fita. A kusa da Mindo ta Ekwado akwai gonar Ángel Paz, manomin da ya koya wa tsuntsayen antifita, waɗanda suka yi suna wajen ɓuya a ƙarƙashin kurmi, su riƙa fitowa cin tsutsa idan ya kira su. A can kuɗin shiga za ka biya, masu gonar su ne jagororin, wanda ka zo da shi daga birni ɗan kallo ne kamar kai.

Haka ma shubil, ƙaton tsuntsun fadama mai baki kamar takalmin katako. Ana nemansa a fadamar Mabamba, gefen tafkin Biktoriya kusa da Entebbe ta Yuganda, cikin kwale-kwale. Mai jirgin yakan kashe inji idan an shiga siraran hanyoyin ruwa tsakanin ciyayi, ya koma tura shi da gora, ya miƙe tsaye yana leƙen saman ciyawa har ya hango toka-tokan kai tsaye ƙyam kamar gunki yana jiran kifi. Idon mai jirgin ne ke samo shi, kuma fitar safiya ɗaya ce daga Entebbe. Amma a wannan ƙasar dai, idan kana son ƙaramin koren tsuntsun nan mai faɗin baki na Ruhija a kurmin Bwindi, ko tsuntsuwar pita mai koren ƙirji ta kurmin Kibale wadda ake bin sautinta tun kafin gari ya waye, to ba ka da makawa sai da ƙwararre. Shi ya sa tsarin da na fi ba mutum biyu shawara shi ne gauraye: ku biya cikakken jagora da mota na kwana 4 ko 5 a wurare masu wuya, sauran kwanakin ku zauna a masauki ɗaya ko biyu masu kyau kuna ɗaukar jagoran wurin da safe kawai.

Kafin ka kwatanta farashin biyu da aka ba ka, ka tabbata abu ɗaya suke ƙunshe da shi. Kusan kullum ba a sa tikitin jirgi daga ƙasarka, biza, inshora, abin sha, wanki da tukwici. Ka tambaya a rubuce ko an sa jiragen cikin gida, kuɗin kwale-kwale, ladan jagororin da wasu gandaye ke tilasta a ɗauka ban da naka, da kwanan farko da na ƙarshe a birni. Kuɗin hukuma kaɗai na iya girgiza lissafi: izinin ganin goggon biri a Yuganda, wanda masu zuwa Bwindi da yawa ke ƙarawa, ya koma dala 800 ga baƙon waje a Yulin 2024, kuɗin shiga tsibiran Galapagos na Ekwado kuma ya koma dala 200 a Agustan 2024. Tukwicin jagora da direba ka tambayi abin da aka saba bayarwa a ƙasar tun kafin tashi, ka ware shi a ambulan, kada ranar rabuwa ta zo ka tsaya kame-kame. A ayari mutum takwas ke haɗa shi, a nan ku biyu ne.

Abin da ya fi lalata irin wannan tafiya shi ne a sayar maka da suna, a kawo maka wani. Kamfani yana da fitaccen jagora ɗaya wanda kowa ke yabo, ka biya don shi, ka sauka a filin jirgi ka tarar da mataimakinsa saboda an tura shi da ayari mafi tsoka. Ka sa a rubuta sunan jagoran a yarjejeniya, da abin da za a yi idan an canza shi. Sannan ka bincika shi. Rumbun eBird, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell ta buɗe a 2002, yana nuna jerin tsuntsayen da mutane suka gani a kowane wuri da kwanan wata, kuma jagorori da yawa suna sa nasu a ciki. Ka duba ko ya je wuraren da zai kai ku a 'yan watannin nan. Ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu da ya yi wa jagora kwanan nan. Ka kira shi ku yi magana ta minti goma, don ka ji ko kuna fahimtar juna, tunda a gaban tsuntsu babu lokacin maimaita magana. Akwai bambanci babba tsakanin jagoran yawon buɗe ido da ya san manyan tsuntsaye ashirin da wanda ya san kukan ƙananan masu launin ƙasa da suka yi kama da juna. Hanya mai sauƙi ta gane shi: ka aika masa da sunayen tsuntsaye 20 da kake so, ka ce ya raba su uku, wanda kusan tabbas ne, wanda sai an yi sa'a, da wanda ba ya kan hanyar. Wanda ya ce duk za a gani, ka bar shi. Wanda ya ce biyar daga ciki ba lokacinsu ba ne, shi ya san aikinsa.

Na biyu wajen ɓata tafiya shi ne cusa wurare da yawa. Tsuntsaye sun fi motsi da kuka daga fitowar alfijir zuwa sa'a uku ko huɗu bayanta, sai kuma ɗan lokaci da la'asar. Duk safiyar da ta same ku a kan kwalta kuna ƙaura, kun biya dala 450 ɗin nan don zama a mota. Ka karɓi jadawalin ka ƙirga safiya nawa za a yi a cikin daji, ba kwana nawa za a yi a ƙasar ba. Tafiyar kwana 10 mai safiya 9 a daji ta fi ta kwana 12 mai safiya 7. A kwana biyu aƙalla a kowane zango, uku a wuri mafi albarka, domin ruwan sama na iya cinye safiya guda ɗungum. Akun makawo da ke taruwa cin laka a gaɓar kogin Tambopata na Peru, alal misali, sau da yawa ba sa sauka idan ana ruwa, kuma wanda ya ware wa wurin safiya ɗaya tak ya sa kuɗinsa a caca. Ka tambayi sa'o'in tuƙi na gaskiya tsakanin zango da zango, kada ka dogara da kilomita, don hanyar dutse tana cin lokaci ninki biyu.

Ka kuma tambaya ko jagoran shi ne direba. Hakan yana rage kuɗi sosai, kuma a ƙasa mai kyawun hanya da gajeren zango ba laifi. Amma mutumin da ya tashi ƙarfe 4, ya yi yini yana kasa kunne, sannan ya yi tuƙin sa'a biyar a hanyar dutse da dare, haɗari ne a gare ku duka, kuma idonsa yana kan hanya lokacin da ya kamata ya kasance a kan wayoyin lantarki da saman itatuwa.

Lokacin tafiya yana da nasa tasirin a kan kuɗi. Lokacin da masu yawon buɗe ido suka fi yawa ba lallai ne ya zama lokacin da tsuntsaye suka fi kuka ba. A wurare da yawa farkon damina ne suke neman aure da gina sheƙa, a lokacin ne suka fi amsa kira, masaukai kuma sukan sauke farashi. Abin da za ka jure shi ne laka da ruwa da hanyar da kan yanke. Idan baƙin tsuntsaye masu ƙaura daga arewa kake so, sai tsakanin Nuwamba da Maris. eBird yana da jadawalin da ke nuna yawan ganin kowane nau'i mako-mako a kowane yanki, ka duba naka 20 ɗin kafin ka tsayar da wata.

Maganar kira ta kawo wani abu da ya kamata ka yanke shawara a kai tun da wuri. Jagorori da yawa suna kunna kukan tsuntsu a ƙaramar lasifika don ya fito kare yankinsa. Idan an yi kaɗan, aka kashe da zarar ya fito, yawanci ana ganin ba matsala. Idan aka matsa, musamman kusa da sheƙa ko a wurin da kowane ayari ke tsayawa, ana gajiyar da tsuntsun, ana raba shi da ƙwai, kuma wasu gandaye sun haramta shi gaba ɗaya. A tafiya taka kai ne mai cewa ya isa. Jagoran da ya ga kana matsa masa lamba kan lallai sai an gani zai iya wuce gona da iri don ya faranta maka, don haka ka gaya masa tun ranar farko cewa ka fi son a rasa tsuntsu da a takura shi. Ku kuma daidaita yadda za a riƙa rubuta jerin tsuntsayen kowace rana da yamma: wanda kuka gani da idonku daban, wanda aka ji kawai daban, wanda jagora ya gani shi kaɗai daban. Kamfanin da ke tallar "nau'i 500 a mako biyu" sau da yawa ya haɗa ukun ne.

Game da biyan kuɗi, a nan ne ƙaramin kamfani ko jagora mai zaman kansa ke da haɗari. Za a nemi kafin alƙalami don riƙe ɗakuna, ragowar kuma yawanci wata 2 zuwa 4 kafin tafiya. Idan da hali ka biya da katin banki ko da za a ɗora ɗan kaso, saboda akwai hanyar neman a dawo da kuɗi idan ba a yi aikin ba, abin da turawa kai tsaye zuwa asusu ba ya bayarwa. Kada ka tura duka ga mutumin da ba ka tabbatar da shi ba. Ka rubuta wa masauki ɗaya ko biyu da ke jadawalin da kanka, ka tambaya ko an riƙe ɗaki da sunanka. Ka karanta sharaɗin fasawa, ka sayi inshorar da ta haɗa da fasa tafiya da ɗauko marar lafiya daga daji tun ranar da ka biya kuɗin farko, ba ana gobe tashi ba.

Jiki ma yana cikin lissafi, don ranar da aka kwanta ciwo an biya ta. Yuganda da Gana suna neman katin rigakafin shawara, kuma katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Ka ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Idan Andis za ku, ku sani Kito tana kan tsayin mita 2,850, Bogota wajen 2,600, Kusko wajen 3,400, kuma daga mita 2,500 ciwon kai da haki kan kama baƙo. A tsara hawa a hankali, kada ranar farko ta zama ta mashigar dutse mai mita 4,000.

Sai abin da ya rage a wuyanku. Kowannenku ya zo da madubin hangen nesa nasa, mai lamba 8x42 ya fi dacewa da duhun kurmi, kuma ku saba da shi a gida har ya zama kuna ɗaga shi ba tare da ɗauke ido daga reshe ba. Babban madubi mai ƙafa uku jagora ne ya kamata ya zo da shi, ka tambaya. Ku sayi littafin tsuntsayen ƙasar wata 2 ko 3 kafin tafiya, ku riƙa duba shi dangi-dangi ko da minti ashirin ne a rana, kuna sauraron kukan waɗanda kuka fi so a rumbun xeno-canto. Idan jagora ya kira suna kuma hoton ya riga ya zauna a kanka, daƙiƙa biyu sun ishe ka ganin zanen fiffike da launin baki. Idan ba ka taɓa jin sunan ba, kafin ka gama tambayar wane iri ne, reshen ya zama fanko.

A halinku na mutum biyu da kwana 10, ka koma wa wanda ya ba ka farashin da buƙata uku: ya fasa maka kuɗin gida-gida yadda na yi a sama, ya ba ka farashin mutum huɗu, ya kuma ba ka na kwana 5 da cikakken jagora a kurmi da kwana 5 a masauki mai jagoransa. Ka ɗora ukun kusa da farashin ayarin, ka ƙirga safiyar daji a kowanne, ka raba kuɗin da yawan safiyar.